Ɗorin Ɗan Fari

Ɗana na fari ya fi yarda da hannuwansa a kan ƙafafunsa. Tun bai isa shiga makaranta ba, in aka aike shi ɗauko wuta a maƙwabta, rabin hanyar a kife yake yin ta, ƙafa a sama, riga ta rufe masa fuska. Da ya ƙara tasawa sai ya koma alkafura a yashin rafin da ke bayan gonakinmu, ya yi ta gaba ya yi ta baya, yaran unguwa suna bin sa da ihu. Ni duk labari nake ji, ko in hango ta ramin danga, domin ba na fita da rana, kuma ko da ina fita ba zan tsaya kallonsa ba.

A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi, in an yabe shi sai ta kawar da kai kamar da ɗan wani ake. Haka na tarar, haka aka yi mini a gidanmu, ban kuma taɓa jin abin ya dame ni ba. "Yaron nan" nake ce masa, shi kuma yana kirana Yaya, yadda ya ji ƙannen babansa suna kirana. Wadda yake kira Inna kakarsa ce, uwar mijina. A ɗakinta aka yaye shi, a nan yake kwana, ita ke da iko da shi. Mijinta take kiransa, kullum suna cikin tsokanar juna, tana cewa ta gaji da auren mutumin da bai san sama daga ƙasa ba.

A shekarar da nake magana damina ta ɗauke tun gero bai gama ido ba, kamar yadda ta yi a shekarar da ta gabace ta. Abin da muka zuba a rumbu ko rabinsa bai kai ba. Ana gama girbi babansa ya tafi ci-rani kudu, ya bar ni da Inna da yara. Tuwo ya koma sau ɗaya, da rana sai kwaɗon rama ko tafasa, in an samu ƙuli-ƙulin haɗawa. Kowa idonsa na kan damina mai zuwa. Ranar da zai tafi, babansa ya nuna gonar bayan gida ya ce in damina ta zo ta yaron nan ce, shi zai nome ta, domin ba mu da halin ɗaukar 'yan ƙwadago. A gida irin namu hannun namiji abinci ne, kuma hannuwan da muke da su ba su da yawa.

A wannan ranin aka kawo sabon malamin wasanni makarantarsu, saurayi daga birni. Ya ga yaron nan yana tafiya da hannu a bakin aji, maimakon ya zane shi sai ya sa shi cikin waɗanda za su je gasar makarantu. Kullum bayan an tashi sai su tsaya, su yi ta alkafura, su hau kafaɗun juna su yi gini, ƙarami a can ƙoli. Filin makarantar ba yashi ba ne, fako ne, ƙasa mai tauri da ko akuya ba ta kwanciya a kai. In sun gama malamin yakan saya musu kunu da ƙosai daga aljihunsa, Allah ya saka masa da alheri. A shekara irin wannan, yaron da ya san akwai ƙosai a ƙarshen tsalle ba zai yi fashi ba ko ƙafarsa ce ta cire.

Ni na fara gane akwai matsala, domin wadda aka hana kallo ta fi kowa iya satar kallo. Na ga in zai yi sujada ba ya shimfiɗa tafin hannun damansa, dunƙule shi yake ya dogara a kan 'yan yatsu. Na ga in yana jan guga yana naɗe igiyar a damtse maimakon ya kama ta. In ya tashi daga tabarma da hagu yake dafa ƙasa. Amma ba dama in kira shi in ce nuna mini. Sai na bi ta bayan gida, na ce wa Inna kamar ina zancen wani abu daban, ko ta lura mijinta yana ɓoye hannu kwanan nan. Ta kira shi ta tambaye shi, ya ce lafiya lau, har ya kife a tsakar gida ya yi taku kaɗan don ta gani. Inna ta yi dariya ta ce ragwanci ne, ya hango noma tun daga nesa. Ni kuwa na ga yadda ya cije leɓe kafin ya sauko.

Ba a daɗe ba, wata rana da la'asar malamin ya kawo shi a bayan keke. Ya ce yaron ya yi alkafura ya dira a kan hannu, hannun ya ƙi ɗaukarsa. Wuyan hannun ya kumbura, ya ɗan karkace. Malamin ya tsaya a zaure yana ba da haƙuri, ya ce a ganinsa a kai shi asibiti a ɗauki hoto. Inna ta aika masa da godiya, ta ce muna da namu asibitin. Mai ɗorin da take nufi dattijo ne daga ƙauyen gabas da mu, ya gaji sana'ar daga ubansa, shi ya ɗora ƙafar marigayi mijinta lokacin da ya faɗo daga kan rumbu, har ya rasu bai yi ɗingishi ba. Ba a tambaye ni ba, kuma gaskiya ni ma a lokacin na yarda da shi.

Da mai ɗori ya zo aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, maza biyu na maƙwabta suka riƙe yaron. Ni na koma bayan ɗakin girki na kama taɓarya. Babu abin dakawa sai 'yar dussa a gindin turmi, amma na yi ta luguden ta don kada in ji, kuma duk da haka na ji. Mai ɗori ya ja hannun, ya murza, ya shafa man kaɗanya ya yi tofi, sannan ya jera tsagaggen karan dawa kewaye da wuyan hannun ya ɗaure da tsumma, ya ja ɗaurin har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Kafin ya tafi ya kafa sharaɗinsa da ƙarfi yadda har ni zan ji: kada kowa ya taɓa ɗorin nan, hannun da ya ɗaura shi ne zai kwance, in wani ya kwance to babu ruwansa da abin da zai biyo baya. Ya ce zai zagaya ƙauyuka, sai ranar kasuwa zai dawo.

Washegari yatsun suka kumbura. Yaron nan ba mai raki ba ne, amma ya wuni yana juyi a tabarma yana nishi, yana cewa kamar ana hura masa wuta a cikin hannun. Inna ta ce haka ɗori yake, ƙashi ne ke kama ɗan'uwansa. Ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita, ta ba shi rabon tuwonta ta ce ita ta ƙoshi. Ba zan yi mata ƙarya ba, son da take yi masa ba ƙarami ba ne. Ni kuwa ina ta zirga-zirga tsakanin rijiya da murhu, ina ƙirƙirar aikin da zai bi da ni ta gabansu. Duk wucewa sai na saci kallon yatsun, duk kallo sai na ga sun ƙara cika, fatarsu tana sheƙi.

Akwai wani mutum a garin iyayena da muke tsoro muna yara, hannunsa ɗaya dungu ne daga gwiwa. An ce daga jaki ya faɗo, aka yi masa ɗori, da aka kwance hannun ya riga ya baƙe. Shekara da shekaru ban tuna da shi ba. A kwanakin nan kuwa ko ido na runtse shi nake gani, zaune a bakin masallaci yana naɗe hannun rigarsa da haƙori.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da yaron ya yi shiru. Wata safiya ya tashi ya ce zafin ya ragu, sai dai kamar kiyashi na yawo a yatsun. Zuwa hantsi ya ce kiyashin ma sun tafi. Inna ta yi hamdala ta ce ai ga shi nan, ɗori ya kama. Ni ban yarda da wannan sauƙin ba. Na zuba masa kunun dussa a ƙoƙo, maimakon in ajiye a gabansa kamar kullum sai na miƙa masa, na bari bayan hannuna ya gogi yatsun. Sanyi ƙalau suke, a tsakiyar zafin bazara, kuma farcen ya yi duhu.

Na sami Inna a ɗaki na durƙusa, na ce ko za a aika a nemo mai ɗori, ko kuwa a ɗan sassauta tsumman. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ina za a same shi, mutumin da ba ya kwana inda ya wuni. Ta ce ta ga ɗori tun ba a haife ni ba, kuma in aka taɓa hannun ya lalace, da wane baki za ta gaya wa ɗanta in ya dawo. Sannan ta sassauta murya.

"Ke fa uwarsa ce, ɗanki ne na fari. Ki kama kanki, kada ki sa a yi da mu a gari."

Na ce to. Na fito. Na san ita ma tsoro take ji, domin na ga carbinta yana gudu fiye da yadda ya saba, amma nata tsoron ya ce a bari, nawa ya ce a kwance. Na yi alwala na yi salla, ban san me na karanta ba.

Bayan azahar matan maƙwabta suka shigo dubiya. Suka zauna a inuwar ɗakin girki suna sannu, kowace da labarin wanda ta sani da aka yi wa ɗori ya warke sumul. Yaron yana zaune kusa da murhu, ya ɗora hannun a kan gwiwa, yana sauraren su. Ina iza wuta sai icen ya yi tartsatsi, wani ɗan garwashi ya tashi ya sauka a bayan ƙaramin yatsansa. Ina kallo ya zauna a kan fatar, ja, har ya mutu don kansa. Yaron ko motsi bai yi ba. Yana ma murmushi ne saboda wata magana da aka faɗa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wuƙar da nake yanka kuɓewa tana gefena, na ɗauka, na je na durƙusa a gabansa na kama hannun. Rabon da in riƙe hannunsa tun yana rarrafe. Shi kansa sai da ya ja baya don mamaki. Inna ta miƙe tana tambayar me zan yi.

"Inna, hannun ɗana zai mutu," na ce.

Wata ta kama baki, wata ta yi salati a hankali. Ban san ko yankan ɗorin ne ya fi ba su mamaki ko kalmar da ta fito daga bakina ba. Na sa wuƙa na tsinke tsumman ɗauri bayan ɗauri, kararen suka zube. Inda suka kwanta sun nutse a cikin nama sun bar layi-layi, fatar ta yi bororo. Da farko babu abin da ya faru, har na ce na makara. Can sai ya fara yarfe ɗaya hannun, ya fasa kuka irin wanda ko a hannun mai ɗori bai yi ba. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na ranar ba.

Amma kuka ba magani ba ne, ga karaya ba ɗori, ga mai gida ba ya nan, ni kuwa ba na fita sai da izninsa. Na tsaya riƙe da hannun ban san abin yi ba. Inna ta shige ɗaki, na ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta ta fito da mayafinta a ka, da nawa a hannu. Ta jefo mini ta ce in tashi, rana na yi.

Muka bi ta tsakanin gonaki har bakin titi. Lokacin wahalar mai ne, mota sai an yi sa'a. Muka zauna a gindin wata tsamiya, duk ƙarar da na ji sai in miƙe, sai in ga babur ne ko babbar mota mai buhuna ta nufi kasuwar hatsi ta Dawanau. Ina riƙe da hannun a ɗage a kan kafaɗata, ina duban farcen, wani lokaci in ga kamar ya washe, wani lokaci in ga idona ne ke yaudarata. Da kyar wata bas ta tsaya, aka matsa mana wuri a kan buhun wake.

Ma'aikacin da ya duba shi a asibiti ba mai yawan magana ba ne. Ya danna farce ɗaya bayan ɗaya yana kallon yadda jini ke dawowa. Ya ɗauko allura ya ce yaron ya rufe ido, ya riƙa tsikarar yatsun yana tambaya ko ya ji. Babban yatsa ya ji, manuniya ta ji, na tsakiya ya ce kaɗan-kaɗan. Da aka zo kan biyun ƙarshe sai ya yi shiru yana jira, bai san an riga an tsikare shi ba. Ma'aikacin ya tambayi wa ya kwance ɗorin. Inna ta ce uwarsa ce, ta nuna ni da haɓa. Ya ce an yi daidai, bai ƙara komai a kai ba.

Sai da muka jira aka kawo wuta sannan aka ɗauki hoton ƙashin. Ma'aikacin ya ɗaga shi a taga ya nuna mana wani siririn layi kusa da wuyan hannu. Ya ce a nan ƙashin yaro yake tsiro, wurin bai gama ƙwari ba, kuma wuyan hannu ba a yi shi don ɗaukar jikin mutum kullum ba. Dirar da yake yi a kan ƙasa mai tauri ita ta yi ta cin wurin a hankali, tun yana ciwo yana ɓoyewa har ya tsage. Ya ce da tun farko an hana shi tsallen ya huta, da hutun kaɗai ya isa. Aka gyara ƙashin, aka sa masa filasta irin wadda mutane ke kira siminti, amma rabi kawai, aka bar gefe ɗaya a sake saboda kumburi ya sami wurin tashi. Aka rataye masa hannun a wuya da ƙyalle. Ya ce a riƙa ɗaga hannun sama, a sa shi yana motsa yatsun, babu alkafura, babu ɗaukar ko buta da shi sai an ba da izini.

Tunda na riga na zubar da kunyar, sai na tambaye shi kai tsaye ko yaron zai riƙe fartanya. Ya ce ƙashi zai haɗe in Allah ya so, ko da zai ɗan karkace. Jijiya ce ba ta da alkawari, tana iya dawowa duka, tana iya dawowa rabi, kuma ba ta gaggawa. Na so ya yi mini ƙarya, bai yi ba.

Maganar ta zagaye gari kafin mu dawo. Aka ce na yi rashin ta-ido a gaban surukata, aka ce zamani ne. Ranar kasuwa mai ɗori ya zo, aka gaya masa tun a zaure, ya juya bai shigo ba. Inna ta ji zafin wannan ƙwarai, domin mutuncin shekaru ne tsakaninsu, amma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Ta dai koma shiga maƙwabta kullum da hantsi, ita da ba ta son yawo. Sai daga baya na gane wuri take ba ni. In ta fita sai in zaunar da shi in miƙar masa da yatsun ɗaya bayan ɗaya, in ba shi ƙwallon goruba ya matsa. Ba mu iya hira da juna ba, ni da shi, ba mu saba ba. Abin da nake cewa kawai shi ne nan fa, ya ce ya ji, ko ya ce bai ji ba.

Da aka cire filastar hannun ya fito siriri, wuyan ya ɗan kauce gefe. Yatsu uku suna kamawa, ko da yake ba ƙarfi. Biyun ƙarshe sun lanƙwashe ciki, ba su miƙewa ba su damƙa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, babansa ya dawo da ɗan abin da ya samo. Inna ce ta ba shi labari, ban san yadda ta tsara masa ba. Ya kira yaron ya juya hannun gaba da baya, ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Bai ce an fasa maganar gona ba, bai kuma ce tana nan ba, ni ma na kasa tambaya.

Aka yi ruwa, aka yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta biyo shi. Safiyar da za a fara noma na ga yaron nan ya shiga zaure ya ɗauki fartanya ba tare da an sa shi ba, ya bi bayan babansa. Na ajiye tsintsiya na tafi jikin dangar bayan gida, inda kara ya ɗan buɗe. Ya sunkuya ya kai sara, ya kai na biyu, a na gaba fartanyar ta suɓuce ta yi gefe. Babansa yana gaba da shi, bai waiwayo ba, na kuma san ya ji. Yaron ya ɗauka, ya goge tafinsa a wando, ya sake gyara riƙo.

Ban ji zuwan Inna ba sai da kafaɗarta ta taɓa tawa. Ta kanga ido da hannu ta leƙa, ta daɗe tana leƙe, sannan ta ja da baya.

"Idona ba ya kaiwa can," ta ce. "Duba mana ke. Ya riƙe?"

A daidai lokacin yana sunkuye ne yana lalubar ƙotar a cikin ciyawa, ta sake faɗuwa.

"Ya riƙe, Inna," na ce.

Ta ce alhamdu lillahi, ta dafa kafaɗata ta ce in ci gaba da kallo, in riƙa gaya mata.